Yadda ake fitar da irin waken suya mai jure ƙwari

Da farko ka san wane ƙwaro kake yaƙa. Irin da tsutsa ba ta son ganyensa ba lallai ne ya tsira daga koren ƙwaron nan mai wari ba, wanda ke soka baki ya tsotse ƙwaya tun tana cikin kwanso, sai ka ɓare ka tarar duk ta motse.

Sai ka nemo iyaye biyu. Ɗaya mai yabanya, kamar TGx 1448-2E na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan wanda kwansonsa ba ya saurin fashewa, ɗayan kuma mai juriya ko da ba ya bada komai. A Amurka wani iri daga Japan, PI 229358, suka daɗe suna amfani da shi saboda tsutsar ganye, a Brazil kuma IAC-100 ne ya yi suna wajen masu tsotse kwanso.

Haɗa su ne aikin, don waken suya shi ke barbarar kansa tun furen bai gama buɗewa ba, ga furen ɗan mitsitsi. Da hantsaki za ka buɗe wanda bai buɗe ba ka cire sassan namijin a hankali, ka ɗauko furen ɗaya irin ka goga masa garinsa a kai, ka ɗaura alama. Da yawa za su zube, shi ya sa ake yi da yawa.

Idan ka shuka ƙwayoyin da haɗin ya bayar, zubin farko duk kamarsu ɗaya. A na biyu ne kowanne zai fito da halinsa, to nan fa kar ka kuskura ka yi feshi, ko da kuwa ranka na sosuwa ka ga gona tana lalacewa, ai ƙwarin ne za su nuna maka wanda ba sa so, idan ka kashe su da me za ka gane? Ka shuka layin iri mai rauni a tsakani don ya jawo su, wanda ya tsaya lafiya a kusa da layin nan shi za ka ɗiba.

Haka za ka riƙa zaɓe kana sake shukawa har zubi 5 ko 6 kafin irin ya zauna. Kuma ka riƙa auna abin da ya bayar, don sau da yawa juriya kan zo tare da ƙarancin amfani, in haka ta faru sai a sake haɗa shi da uwar mai yabanya. Daga nan a gwada shi a wurare daban-daban, Zariya, Mokwa, Makurdi, damina biyu ko uku kafin a kai shi rajista.