Babi na 7: Sayen Gida na Farko a Damagaram

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena, maza da mata. Wannan shi ne babin da kuka daɗe kuna tambayata, kuma na san dalili. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka, Najeriya ta yanke mana wuta, kaya suka daina shigowa ta hanyar Magarya da ta Matamai. Gine-gine suka tsaya cak, mai son sayarwa ya rasa mai saye. A 2024 aka ɗage takunkumi, aka buɗe iyaka, daga baya gwamnati ta rage kuɗin siminti. Yanzu magina sun koma bakin aiki, dillalai kuma sun koma bakin Kasuwar Dole suna kiran mutane. Duk wanda haya ta ishe shi ya fara ƙirga abin da ya tara.

Lokacin da kasuwa ta farfaɗo shi ne lokacin da ake yi wa mutum gaggawa. Za a ce maka, "Alhaji, wani ya taya jiya, in ba ka kawo yau ba ya wuce ka." Ba zan koya muku ciniki ba, kun fi ni iyawa. Abin da zan koya muku shi ne karanta takardar gida da idonku kafin kuɗinku su bar aljihu. Ku ɗauko alƙalami da littafin rubutu. Wanda ya fara karatu bana kada ya ji tsoro, a hankali za mu tafi.

Darasi na 1: Kuɗi a baki da kuɗi a takarda

Mu a baki da dala da jika muke ƙirge. Takarda ba ta san dala ba, sefa take rubutawa. Dala ɗaya sefa 5 ce. Jika ɗaya sefa 1.000 ce, wato dala 200. Wannan ɗigon da ke tsakanin 1 da sifili ba datti ba ne, an sa shi ne don ya raba sifili uku-uku. Wani mai rubutun ba ya sa ɗigo, fili kawai yake bari. Duk ɗaya ne.

Ga dabara. Ka sa yatsanka ka rufe sifili uku na ƙarshe, na hannun dama. Abin da ya rage a fili shi ne yawan jika. Gwada da 50.000: ka rufe uku, saura 50, jika hamsin ke nan. Gwada da 300.000: saura 300, jika ɗari uku. Yanzu 3.000.000: ka rufe uku, saura 3.000, jika dubu uku, ita ce miliyan uku. Miliyan sifili shida gare ta. Tsakanin 300.000 da 3.000.000 sifili ɗaya ne kacal, amma ta biyun ta ninka ta farkon sau goma.

Aiki: rubuta waɗannan a littafinka, ka faɗe su da baki a jika. 75.000, 400.000, 4.000.000, 2.500.000. Lambobin gwaji ne, ba farashin gidan kowa ba. In ka yi kuskure ka sake, ba abin kunya ba ne.

Darasi na 2: Suna da lambobi biyu

A nan za mu daɗe, don a nan ake faɗuwa.

Gidan da ke unguwar da hukuma ta yanka filaye yana da takarda daga ma'aikatar magajin gari. Da Faransanci aka rubuta ta. Ba sai ka iya Faransanci ba, harufa ɗaya ne da waɗanda muka koya. Duba can sama, inda aka yi manyan harufa, ka nemi wannan: ACTE DE CESSION. Kwafe shi sau biyar har idonka ya saba da shi. Akwai wata takardar da ta fi ta ƙarfi, sunanta TITRE FONCIER. Ita ma ka kwafe ta sau biyar. In mai gida yana da wannan ta biyun, madalla.

A cikin takardar abu uku kake nema. Sunan mai fili. Lambar da ke gaban kalmar ILOT, wato rukunin filayen da tituna suka kewaye. Sai lamba ko harafin da ke gaban kalmar PARCELLE, wato filin kansa a cikin rukunin. Suna, ilo, farsel. Faɗi da baki: suna, ilo, farsel.

Yanzu ka ce wa mai sayarwa ya ba ka katinsa na shaidar ɗan ƙasa. Ka ajiye katin a dama, takardar gida a hagu. Ka sa yatsa ɗaya a kan harafin farko na sunan da ke katin, yatsa ɗaya a kan harafin farko na sunan da ke takardar. Ka bi su harafi bayan harafi har ƙarshe. Kada ka karanta sunan a zuci ka ce ai shi ne. Bi da yatsa.

Akwai abin da zai rikita ku, gara in faɗa tun yanzu. A aji mun koyi rubuta Musa da Abdu da Isufu. A takardun hukuma za ka ga MOUSSA, ABDOU, ISSOUFOU. Inda ka ga O da U a haɗe, ka karanta u. Inda ka ga S biyu, ka karanta s ɗaya. Inda ka ga DJ, kamar a HADJARA, ka karanta j. Inda ka ga CH, kamar a CHAIBOU, ka karanta sh. Shi ke nan, ba wani sihiri.

Sai ka kula da jerin sunayen. Mu sunan mutum ake sawa tare da na mahaifinsa, kuma kun san ana yi wa jika sunan kakansa. Don haka MOUSSA ABDOU da ABDOU MOUSSA na iya zama uba da ɗa a gida ɗaya. In ka ga sunayen sun juya, kada ka yi shiru. Wataƙila mai rubutu ne ya juya su, wataƙila kuma ɗa ne ya ɗauko takardar ubansa daga akwati. Kai ba za ka iya rarrabewa ba, ofishin filaye ne zai rarrabe.

Wata ɗalibata, baiwar Allah mai tuyar ƙosai, ta yi shekaru tana zubin adashe. Aka kai ta wani gida mai ɗaki biyu, aka nuna mata takarda mai hatimi, ta ga hatimin ta biya. A lokacin ta riga ta iya harufa, amma ta ji nauyin ta tsaya karatu a gaban maza. Bayan wata biyu mai sunan da ke takardar ya dawo daga Agadas. Wanda ya karɓi kuɗin ƙanensa ne. Har yau ina jin zafin abin, don da ta bi sunan da yatsa da ta ga harafin farko ma ba ɗaya ba ne. Hatimi ba ya gaya maka gidan na wane ne. Suna ke gaya maka.

To, a ce suna ya yi daidai. Ba ka gama ba. Rubuta sunan da lambar ilo da ta farsel a littafinka, da hannunka. Ka tafi ofishin filaye na ma'aikatar magajin gari da ƙafarka. Damagaram an raba ta gunduma biyar, in ba ka san inda za ka nufa ba ka tambayi mai unguwa. Ka ce wa ma'aikacin, "Malam, don Allah a duba mini wannan ilo da wannan farsel, sunan wa ke kai?" In sunan da ke rajistarsu ya zo ɗaya da na littafinka, ka gode wa Allah. In ya saɓa, ka tsaya nan. Kada ka aiki dillali ya dubo maka. Dillali la'adarsa yake jira, kuma ba ya samun ta sai an yi ciniki.

Saura ɗaya. Takarda na iya zama ta gaskiya amma ta filin maƙwabci ce. Ka nemi mai awon filaye ya zo da taswirar unguwar ya nuna maka turakun siminti da ke kusurwa huɗu na filin. Za ka biya shi, kuma kuɗin kaɗan ne in ka auna da abin da kake shirin bayarwa.

Aiki: kowa ya zauna da na kusa da shi. Ɗaya ya rubuta suna irin na hukuma a takarda biyu, ya sauya harafi ɗaya a ɓoye. Ɗayan ya nemo harafin da yatsa. Ku yi sau goma. Na ce sau goma. Bara na ba da wannan aiki wasu suka yi sau biyu suka rufe littafi suna hira. Ku iyayena ne, amma sai na faɗa muku: wanda ya kasa haƙurin bin harufa goma sha biyu a aji, inda ba mai matsa masa, ba zai bi su ba ranar da dillali ke tsaye a kansa. Ku sake.

Darasi na 3: Gidan gado da fili marar lamba

A unguwannin Birni da Zango akwai tsofaffin gidaje da suka girmi takardun magajin gari, tun zamanin da Damagaram ke babban birnin ƙasar kafin Turawa su mayar da shi Yamai. Yawancinsu na gado ne. Gidan gado ba na mutum ɗaya ba ne, ko da shi ne babban wa, ko da shi ke riƙe da mabuɗi. Ka tambaya: an raba gadon? Ina takardar rabon? Su wane ne magada? Ka ce a lissafa har da mata, har da wadda aka kai aure Tanut ko Kano, har da marayun da ubansu ya rasu bayan mai gidan. Kowane magaji ya sa hannu, ko ya ba da wakilci a rubuce. In an ce maka "ita Hajiya ba ta da matsala", ka ce kana so ka ji daga bakinta.

A bayan gari kuma ana sayar da gonaki a yanka su fili-fili, da takardar shaidar mallakar gargajiya. Suna da araha. Amma ba su da ilo, ba su da farsel, kuma ranar da hukuma ta zo yanka unguwar titi na iya bi ta tsakiyar ɗakinka. Ga mai sayen farko, wanda duk abin da ya mallaka ke nan, ni ban ba shi shawara ba.

A nan ma aikin bai sauya ba. Katin kowane magaji a dama, takardar rabon gado a hagu, yatsa a kan harafi.

Darasi na 4: Duba gidan

Gidan da ka gani da rani ba ka gan shi ba. A farkon Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni, ginin da ya ga sarakuna da yawa, balle katangar da aka yi mata yaɓe jiya don a sayar. Ka duba gindin bango, in ruwa ya taɓa kwanciya zai bar zane. Ka ɗaga kai ka duba azara ko gara ta ci. Ka ga inda indararo ke zuba. In gidan yana kusa da tafki ko a kwari, ka tambayi maƙwabta yadda suke kwana a watan Agusta. Tambayi matan unguwa, sun fi faɗin gaskiya a kan wannan.

Su ne kuma za su gaya maka maganar famfo. Garinmu a kan dutse yake, kowa ya san wahalar ruwansa. Sau nawa famfo ke kawowa a mako? Nawa ake sayen jarka wurin ƴan ga-ruwa a watan Afrilu? Ka haɗa wannan da kuɗin gidan. Ka nemi takardun biyan NIGELEC, wato kamfanin wutar lantarki, da na ruwa na watannin baya, kada ka gaji bashin wani. Sunan da ke kansu ma ka karanta.

Darasi na 5: Ranar biya

Kada ka biya a zaure, kada ka biya da dare. A rubuta takardar ciniki gaban notar, wato masanin doka da hukuma ta ba izinin tabbatar da takardun ciniki, ko aƙalla gaban mai unguwa da shaidu, naka biyu nasa biyu. A gama maganar la'ada tun kafin ranar. Kafin ka sa hannu, rufe sifili uku ka karanta kuɗin. Sannan suna, ilo, farsel, su zo ɗaya da na littafinka. Na san kun gaji da jin wannan. Ban damu ba. Ka karɓi takardar gida ta asali, ba hotonta ba. In an ce asalin tana wurin wani, to mai yiwuwa jingina aka yi da ita, kuɗinka su koma gida.

Kada ka zuba duk abin da ka tara. Akwai kuɗin takardu a gaba, akwai gyara.

Darasi na 6: Sauya suna

Ka koma ofishin filaye tare da mai sayarwa a mayar da takardar da sunanka. Kada ka bari sai bayan salla. In sabuwar ta fito, katinka a dama, takarda a hagu, ka bi sunanka da yatsa. In an yi kuskuren harafi, a gyara a ranar. Ka yi hotonta biyu, ka sa asalin a leda cikin akwatin ƙarfe.

Darasi na 7: Izinin gini

In za ka ƙara ɗaki, ka nemi izini a ma'aikatar magajin gari kafin ka sayi siminti.

Alhamis ba aji saboda kasuwa. Ranar Asabar kowa ya zo da katinsa, mai takardar fili ya zo da hotonta. Za mu sake Darasi na 2.