Yadda na gyara matsalar shaidar shanunmu

Alhamdu lillahi, rigimar cakuɗuwar shanu a mashaya ta ƙare mana. Da farko fenti muka shafa, damina ta wanke shi. Lambar kunne kuma ƙaya ce ke fizge ta.

Wani ma'aikacin dabbobi a Ringim ya kawo ƙarfen sanyi, wanda ake tsomawa cikin ruwan naitirojin, wani sinadari mai tsananin sanyi. Aka aske gashin, aka shafa sifirit, aka danna kamar daƙiƙa 30. Sanyin yana kashe launin gashi ne, ya fito fari. A jikin Rahaji, wato jajayen shanu, lambar ta fito ɓaro-ɓaro bayan wata biyu. A jikin Bunaji, wato fararen shanu, kuwa, fari kan fari, wa zai gani?

Sai muka raba. Jajayen, sanyi. Fararen, lalas da wuta, amma da ƙa'ida. A kayar da saniya a ɗaure ta, fata a bushe, domin jiƙaƙƙiya tana salewa. Ƙarfen ya yi launin toka, kar ya yi ja. A danna daƙiƙa 3 zuwa 5 a ɗauke. A ƙasan cinya muka buga; idan a haƙarƙari ne, masu sayen kiraga za su karya kuɗin fatar.

Na gode wa ma'aikacin, Allah ya saka da alheri.