Darasi na 14: Canza Harsashin Ƙafar Keke Mai Giya

Wani ɗalibinmu na ajin yamma, magidanci mai noman shinkafa a fadamar Argungu, ya zo makaranta ran nan yana tura kekensa maimakon ya hau. Irin keken nan ne mai giya da faffaɗar taya, wanda aka ƙera don hawan tsauni, mu kuma muke saye a gwanjo mu ɗaura masa buhu. Muka ce lafiya? Ya ce ƙafar baya ce take ta ƙara tun daga gona, kamar ana niƙa tsakuwa. Dattijon da ke gyaran keke a gindin dalbejiyar bakin makaranta ya kama tayar, ya girgiza ta hagu da dama, sai ga ta tana ƙwas-ƙwas. Ya dubi mai keken ya ce, "Ɗana, wanga ciwo ba na yau ba ne. Tun yaushe?" Ya ce, "Baba, tun damina." Ga shi kuwa har hunturu ya kankama.

Da wannan keke za mu yi darasin yau.

Abin da ke cikin cibiyar ƙafa

Tsakiyar ƙafar keke, inda duk wayoyin nan suka haɗu, ita ce cibiya. Masu gyara suna ce mata hob. Akwai ƙarfe mai zare da ya ratsa ta cikinta, shi ne akasul. Akasul ba ya juyawa, a ɗaure yake da jikin keke. Cibiyar ce take juyawa a kansa, kuma abin da ke sa ta juya ba gardama shi ne 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfe da muke kira harsashin keke.

Harsasan suna zaune tsakanin abubuwa biyu. Na farko kofi, wato ɗan kwarmin da ke jikin cibiyar kanta. Na biyu kon, wani noti mai tsinin baki da ake murzawa a kan akasul har ya tokari harsasan. Bayan kon akwai washa, sannan notin kulle. Haka abin yake a kowane gefe.

Ku riƙe wannan da kyau: harsashi da kon ana sayensu da araha a canza. Kofi kuwa a yawancin kekuna manne yake da cibiya, ba ya fita. In ya ci, sai an sayi sabuwar cibiya an sake ɗaure wayoyin ƙafar gaba ɗaya, ko a sayi wata ƙafar. Mai keke da ya bar ƙwas-ƙwas ya kwana wata uku, kofin yake ci.

Me ke kashe harsashi a ƙasarmu? Ruwa da ƙura. Da damina mutum ya ratsa kududdufi ko ya tura keke cikin ruwan fadama har ya shanye cibiya. Ruwan ya wanke giris, tsatsa ta kama. Da hunturu kuma ƙura mai laushi ta shige ta gauraya da ɗan giris ɗin da ya rage, ta koma kamar tokar wanke tukunya, tana goge ƙarfe a hankali. Sai kuma lodi. Keken da aka yi don mutum ɗaya, an aza masa buhun shanshera da jarkar ruwa, ƙafar baya ce take shan wahalar.

Gane ciwon ba wuya. Ɗaga ƙafar daga ƙasa, ka kama taya ka motsa ta gefe da gefe. In ka ji tana wasa, akwai matsala. Sannan ka cire ƙafar daga keken, ka murza akasul da yatsu biyu. Lafiyayye yana juyawa sumul. Mai ciwo za ka ji shi gurus-gurus, kamar akwai yashi a ciki.

Kwancewa

Ka tanadi giris, kananzir, tsumma mai tsabta, murfin gwangwani ko ƙaramin kwano, da sifana biyu. Ɗaya ta yau da kullum ce, galibi mai lamba 17, don notin kulle. Ɗayar siririya ce ƙwarai, don wurin kama kon matsattse ne, sifana mai kauri ba ta shiga. Kon na gaba yawanci lamba 13 ne, na baya 15. In ba a sami siririyar a kasuwa ba, masu gyara sukan kai tsohuwar sifana wurin mai walda a goge ta har ta sirance.

A ƙafar baya akwai haƙoran giya da suka rufe gefen dama. Cire su yana son nasa ƙarfen na musamman. Kada ka sa guduma da kurfi, za ka ɓata su. Kai wa mai gyara ya cire maka, aikin minti biyu ne.

Yanzu shimfiɗa tsumma a ƙasa, ka yi aikin a kansa, ba a kan rairayi ba. Harsashin da ya faɗa cikin rairayin Kabi sai dai a yi masa addu'a. Gefe ɗaya kaɗai za ka kwance, a ƙafar baya gefen hagu, wanda ba giya. Ɗaya gefen ka bar shi a kulle yadda ka same shi, don shi zai nuna maka inda akasul ya kamata ya tsaya in ka zo mayarwa. Riƙe kon da siririyar sifana, ka kwance notin kulle da ɗayar. Duk abin da ka zare ka jera shi a kan tsumma bi da bi: noti, washa, kon. Yadda suka fito, haka za su koma, daga na ƙarshe zuwa na farko.

Ka zare akasul a hankali ta ɗaya gefen, hannunka a tare a ƙasa. Fito da harsasan kowane gefe ka ƙirga su kafin ka haɗa su wuri ɗaya. A yawancin irin waɗannan kekuna ƙafar baya tana da 9 a kowane gefe, masu girman rubu'in inci, wato 1/4. Ta gaba tana da 10 a kowane gefe, ƙanana, masu girman 3/16 na inci. Amma abin da ka ƙirga da idonka shi ne gaskiyar kekenka. Rubuta lambar a littafinka. Wasu kekunan harsasansu a cikin ɗan zoben ƙarfe suke, kamar tsakiya a zare. In naka haka yake, duba wace fuska zoben ya kalla kafin ka cire.

Wanke komai da kananzir, ka goge ya bushe. Ban da fetur, musamman in akwai murhu ko mai shan taba kusa.

Sai dubawa. Ɗauki biron da kake rubutu da shi a aji, ka bi da bakinsa kan layin nan mai sheƙi da harsashi ya yi a jikin kon. In bakin biro ya wuce sumul, kon yana da sauran rai. In ya riƙa faɗawa cikin 'yan ramuka kamar zanzana, a canza shi. Haka za ka yi wa kofi. Akasul kuma ka gangara shi a kan tebur mai santsi. In yana ɗingishi, ya lanƙwashe, shi ma sai sabo. A keken ɗalibinmu kon na dama ya yi zanzana, harsashi biyu sun fashe, amma kofin ya tsira da ƙyar. Dattijo ya ce, "Ka yi sa'a. Da ka kai girbin rani da shi, da ƙafa za ka saya."

In za ka kasuwa, tafi da tsohon kon da harsashi ɗaya a ƙulle cikin leda, a gwada a gabanka. Kuma harsasan duka za ka canza. Na ga masu tsimi suna zaɓen waɗanda suka fashe kaɗai su bar sauran. Tsoho ya riga ya goge ya ragu, sabo ya fi shi girma ko da ido bai gani ba, sai nauyin keke duka ya koma kan sababbin.

Mayarwa da ɗauri

Cika kofi da giris da yatsanka, kada ka yi rowa. Baƙin man inji ba ya maye gurbin giris, kwana kaɗan zai tsiyaye. Dasa harsasan cikin giris ɗin ɗaya bayan ɗaya, shi zai riƙe su. In sun cika za ka ga ɗan gurbi ya rage. Haka aka yi shi, kada ka cusa ƙarin ɗaya. Zura akasul, ka juya ƙafar, ka yi wa ɗaya gefen haka, sannan ka murza kon da hannu. In kekenka mai birkin faifai ne, kada giris ya taɓa faifan ko kaɗan, birki zai daina kamawa.

Nan ne gwanintar take. Mutane da yawa suna ganin ɗauri mai ƙarfi shi ne aiki mai kyau, sai su matse kon iya ƙarfinsu. Ƙwas-ƙwas ya tafi kam, amma harsasan sun shaƙe, kafin wata guda sun huda sabon kon. Wasu kuma su bar shi sako-sako, ciwon jiya ya dawo. Abin da ake nema yana tsakani, kuma tsakanin nan siriri ne.

Murza kon da yatsu har ka ji ya taɓa harsashi. Dawo da shi baya kaɗan, ƙasa da rubu'in zagaye. Sa washa da noti. Riƙe kon da siririyar sifana kada ya motsa, ka ɗaure notin kulle a kansa tamau. Yanzu gwada: murza akasul, ka kuma girgiza shi. In ya yi tauri, kwance ka sassauta kon kaɗan. In yana wasa, ka ƙara matsawa kaɗan. Sau uku, sau huɗu, ba abin kunya ba ne; dattijon nan da ya shekara talatin a sana'ar sai da ya maimaita sau biyu a gabanmu.

Akwai wani bambanci guda. In ƙafarka da noti ake ɗaure ta a jikin keke, kada ka bar wasa ko kaɗan. In kuwa mai ɗan hannun nan ce da ake lanƙwasawa a cire ƙafa ba sifana, to ka bar wasa ɗan mitsitsi, domin rufe hannun yana ƙara matse akasul, wasan ya ɓace. Bayan ka mayar da ƙafar, ɗaga ta ka kawo bakin tiyub inda ake sa iska daidai gefe, ka saki. In ɗaurin ya yi, nauyin bakin nan kaɗai zai iya juyo da ƙafar ƙasa a hankali.

In naka boris ne

Wasu kekunan, musamman masu tsada, ba su da kon da kofi. In ka zare murfin gefe za ka ga boris rufaffe, wato harsasai a rufe tsakanin zoben ƙarfe biyu, na ciki da na waje, irin na babur, da roba a fuskarsa. Wannan ba a daidaita shi, in ya mutu canzawa ake yi. Lambarsa tana rubuce a jikin robar, kuma a nan karatunmu zai yi rana. In ka ga 6000, ramin tsakiyarsa milimita 10 ne, faɗinsa 26, kaurinsa 8. In 6902 ne, 15 da 28 da 7. Haruffan 2RS suna nufin roba ta rufe shi fuska biyu, irin da ya dace da ƙurarmu ke nan. Kwafi lambar a takarda ka kai wa mai kayan keke ko na babur.

Ana fitar da tsohon ta hanyar bugunsa daga ciki, ta ɗaya gefen, kaɗan-kaɗan ana zagayawa don kada ya karkace. Sabon kuwa zoben wajensa kaɗai ake dannawa. Aza tsohon boris a kansa ka buga a hankali har ya zauna daidai. In ka bugi zoben ciki, ka kashe shi tun bai fara aiki ba.

Aikin aji

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: harsashi, giris, akasul, sifana, cibiya.

Ƙafar baya tana da harsashi 9 a kowane gefe, ta gaba tana da 10. Harsashi nawa za ka saya don keke ɗaya? In ku uku ne kuka haɗa kuɗi, manya nawa za ku saya, ƙanana nawa?

Duk mai keke ya girgiza ƙafafunsa biyu yau da daddare, ya rubuta abin da ya ji a jimla ɗaya. Ranar Laraba a zo da tsumma da murfin gwangwani, Baba ya yarda zai ara mana siririyar sifanarsa.