Zagayen Mont Blanc da ƙafa: yadda ɗan Maraɗi zai shirya

Mu da muka tashi a Maraɗi, tafiya da kilomita muke auna ta, don ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma. Wannan lissafin ne ya fara kayar da ni a tsaunukan Alp. Zagayen Mont Blanc, dutse mafi tsawo a tsaunukan Alp na Turai, kilomita 170 ne ko kusa da haka, ya ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan, yawanci a kwana 10 ko 11. Na raba, na ga kilomita 16 a rana, na ce ai wannan yawon kasuwa ne. Ashe hawan da ke ciki, in an tara, ya kai mita 10,000. Kusan kullum sai ka hau mita dubu ka sauko dubu, kuma saukar ce mai cin gwiwa.

Saboda haka in za ka tsara zangonka, dubi hawa da awoyi, ka bar kilomita. Wata uku kafin tafiya ka samu bene mai matakala, ka goya jaka mai kilo 8, ka yi ta hawa da sauka bayan asuba. Yashin Gulbi da rani ma yana gina ƙafa. Takalmin da za ka tafi da shi, a nan gida za ka horar da shi. Ni sabo dal na sa, kwana na biyu bororo ya cika mini dunduniya, na ƙarasa Courmayeur, wani gari a ɓangaren Italiya, ina ɗingishi.

Ɗakunan kwana na kan dutse suna buɗewa ne daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba, kuma gado yana ƙarewa tun watanni kafin nan. Fara kama gado, sannan ka sayi tikitin jirgi. Lokacin da kake kamawa ka gaya wa masu masaukin ba ka cin naman alade, don tukunya ɗaya ake yi wa kowa da dare. Bizar Schengen ɗaya, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai, ta ishe ka ƙasashen uku, amma ka riƙe tsabar kuɗi, yuro da faran na Suwizalan, ba ko'ina kati ke aiki ba. Kilishi kuwa bar shi gida, ba a yarda a shiga da nama ba. Dabino ya wadatar.

Sanyi: duk mita dubu da ka hau, zafi yana raguwa da digiri 6 da wani abu. A Grand Col Ferret, mashigar dutse tsakanin Italiya da Suwizalan mai tsayin mita 2,537, na tarar da ƙanƙara a watan Yuli, iska tana yanka kamar hunturun Janairu. Riga uku marasa nauyi sun fi babba ɗaya, sai rigar ruwa a saman jaka. Hadari da rana tsaka zuwa la'asar yake tasowa, da tsawa, don haka ka fita da sassafe ka ƙetare ƙololuwa kafin azahar. Ni kasaru nake yi, in haɗa azahar da la'asar a masauki. Ruwan alwala kuwa, na cikin gorar da rana ta ɗan taɓa nake ajiyewa, don na famfon nan sai ya sa haƙoranka rawa.

Ka sauke taswira a waya tun kana da intanet, ka haddace 112, lambar neman agaji.