Na'urar gano kifi a Zobe da Sabke: inda ake yawan kuskure

Wanda ya sayi na'urar gano kifi, Garmin ce ko Lowrance, don yin su a dam ɗin Zobe, Jibiya ko Sabke, kafin ya ce an sayar masa da jabu ya fara duba yadda ya ɗaura ta. Yawancin ƙorafin "ba ta aiki" daga nan yake fitowa.

Aikin nata na sauti ne. Akwai ɗan kunne da ake nutsarwa cikin ruwa, ya aika sauti ƙasa, ya saurari dawowarsa. Sauti na cin kusan mita 1,500 cikin daƙiƙa ɗaya a ruwa, da lokacin da ya ɗauka ya dawo ake lissafa zurfi. Babban abokin gabarsa kumfa ce. Wasu sai su ɗaure kunnen dab da farfelar inji, da jirgi ya ɗau gudu allo ya cika da ɗige-ɗige, lambar zurfi ta ɓace. A matsar da shi gefe, ya nutse sosai, fuskarsa na kallon ƙasa sak. Wasu kuma don tsoron kada kututture ya fasa shi sai su manna shi a cikin jirgi. Wannan dabarar ta jirgin faiba ce. A kwale-kwalen katako itacen ne zai shanye sautin. A samu sanda mai ƙarfi a ɗaura a gefe, a riƙa ɗagewa idan za a fita gaɓa, a kuma goge gansakukar da ke taruwa a fuskarsa.

Sai wuta. Batir mai bolt 12 take so, kuma gara nata daban, domin wanda ke tayar da inji yakan ja wuta ya kashe allon. A sa fis kusa da batir. Murɗa wayoyi a naɗe da salatif, irin na gyaran rediyo, ba ya jure danshi. Wayar kunnen kuwa kada a yanke ta don ta yi tsawo, kuma kada ta bi hanya ɗaya da wayoyin inji.

Mai babban jirgi da ke son allo, GPS da ma'aunin iska su riƙa magana da juna zai gamu da tsarin NMEA 2000. Babbar waya ɗaya ce kowace na'ura ke reshe daga jikinta, reshen bai wuce mita 6 ba. Kowane ƙarshe na babbar wayar yana buƙatar marufi mai om 120 (om ma'aunin turjiyar wuta ne), kuma shi ne abin da masu haɗi suka fi mantawa a kwali. A cire wuta a auna wayoyin saƙo biyu da mitar gwajin wuta: om 60 daidai ne, 120 an rasa marufi ɗaya, 40 an sa na uku.

Hoton ɗan kifin da ke fitowa a allo, ni dai shawarata a kashe shi. Leda da reshen bishiya duk kifi yake kiransu, mutum ya jefa koma ta yage a banza. A koyi karanta alamar da ke lanƙwashe kamar baka, ita ce ke nuna kifi. Ruwan dam ba teku ba ne, a saitin sautin na'urar kilohaz 200 ya dace da shi, 50 na zurfi mai yawa ne.

GPS ba ya cin data, ko babu sabis yana aiki. Da rani, lokacin da ruwa ya ja baya, a bi a yi wa kututtura da duwatsu alama a GPS, domin da damina ruwa zai rufe su. Hadari kuwa kunnen da ke cikin ruwa ba ya ganinsa. A duba hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, kafin a fita, a sa rigar kariya, idan gabas ta yi baƙi a nufi gaɓa ko da allo na nuna tarin karfasa.