Yadda Ake Gano Gara a Gida Kafin Ta Cinye Katako

Yawancin waɗanda gara ta yi wa ɓarna kuskurensu ɗaya ne. Da sun ga layin ƙasa ya hau bango sai su kankare, su fesa maganin sauro, su ce an gama. Ni ma haka na yi, ban ankara ba sai ranar da na dafa katakon ƙofa yatsana ya nutse ciki.

Fara da dubawa. Ɗauki tocila da sukuddireba, ka bi gindin bango, bayan kabad, ƙarƙashin wurin wanke-wanke da duk inda famfo ke yoyo. Ƙwanƙwasa katako da ƙotar. In ka ji sauti kamar na ganga, cikinsa ya tafi, domin gara daga ciki take ci ta bar fenti lafiya lau. Tarin fukafukai a bakin taga bayan ruwan sama ma alama ce: shinge ne suka zubar, kuma su ne masu kafa sabuwar sheƙa.

Ga inda ake faɗuwa. In ka samu layin ƙasar nan, kada ka share shi. Hanya ce da gara ta gina don ta tsira daga haske da bushewar iska, kuma ita kaɗai za ta nuna maka ta inda suke shigowa. Ɓalle ɗan tsakiyarsa kawai, kamar tsawon gaɓar yatsa, ka yi alama da alli, ka dawo bayan kwana 3. In sun liƙe wurin, suna nan da ransu. Sai ka bi layin a hankali har inda ya taɓa ƙasa ko ya shige tsagar siminti. Waɗanda kake gani ma'aikata ne. Uwar tana can ƙarƙashin ƙasa, wataƙila ma a wajen gidan, kuma a wasu nau'o'in takan saka dubban ƙwai a rana. Feshi zai kashe ɗari, sauran su sake hanya ta inda ba ka gani. Wannan jiran na kwana 3 shi ne mutane ba sa iyawa.

A ganina maganin da ke kisa nan take ɓarnar kuɗi ne. Nemi mai aiki a hankali, irin mai sinadarin fipronil, wanda ma'aikatan ke kwasa a jikinsu su shafa wa 'yan'uwansu. Zuba shi a kewayen tushen gini aikin ƙwararre ne, musamman in akwai rijiya kusa. Zai ci kuɗi, amma bai kai sauya rufi ba.

Sauran mai sauƙi ne. Gyara yoyo, kau da kwali da guntayen katako daga jikin bango, tone kututturen da ya mutu, kada katako ya taɓa ƙasa. Ka sake zagayawa da tocila duk farkon damina.