Yadda za ka shirya hotunanka kafin ka kai su gidan wankin hoto

Bayan rasuwar mahaifiyarmu, ƙanwata ta ce a wanke mana hotonta babba mu ajiye. Wanda muka zaɓa na ranar walimar saukar jikanta ne, tana zaune kan darduma da mayafinta ruwan toka, tana murmushi. Na ɗauko shi daga guruf ɗin WhatsApp na gidanmu, na kai wani gidan wankin hoto, na ce a yi mini inci 16 da 20. Ranar da na je karɓa sai na tarar fuskar Inna ta yi dusu-dusu, idanunta sun caɓe, saƙar mayafin ta koma wasu ƙananan murabba'ai. Mai injin ya ce, "Yallaɓai, abin da ka kawo shi muka wanke." Raina ya ɓaci, amma gaskiya ya faɗa. Kyan hoto ko muninsa tun daga gida ake tahowa da shi, injin ba ya ƙirƙiro abin da babu a cikin fayil.

Da farko, nemo asalin hoton

WhatsApp da Facebook da Instagram duk suna matse hoto don kada ya ci data. A fuskar waya ba za ka lura ba, sai an shimfiɗa shi a kan kati asirin ke tonuwa. Hoton da ya bi hannu biyar, wannan ya tura wa wancan, ya riga ya rame. Wanda aka ɗauka daga fuskar waya, wato sikirinshot, shi ya fi kowanne lalacewa.

Don haka ka koma wurin wanda ya ɗauki hoton da wayarsa ko kyamararsa. In mai hoton biki ne, ka ce ya ba ka cikakken fayil, ba wanda ya rage don ɗorawa a intanet ba. A kwafa maka a filash, ko a tura ta Xender, ko Google Drive, ko imel. In dole sai ta WhatsApp, a tura shi a matsayin dokumen, ta wurin da ake tura takardu, domin ta nan ba a taɓa nauyinsa. Ni sai da na yi mako biyu ina cigiya kafin na gano cewa ɗan yayata ne ya ɗauki hoton Inna, kuma Allah Ya taimaka bai goge ba.

Sai ka ƙirga fiksel

Hoton dijital taron ɗige-ɗige ne da ake kira fiksel. Ka buɗe bayanin hoton a waya ko kwamfuta, za ka ga lambobi biyu, misali 4000 da 3000. Ƙa'idar da masu sana'ar ke aiki da ita ita ce fiksel 300 a kowane inci na kati. Lissafin ba wuya: ka ninka tsawo da faɗin katin da 300. Ƙaramin kati mai inci 4 da 6 yana son fiksel 1200 da 1800. Mai inci 5 da 7 yana son 1500 da 2100. Mai 8 da 10 kuwa 2400 da 3000.

Amma kada lambar 300 ta tsorata ka a kan manyan hotuna. Hoton album a hannu ake riƙe shi, ido na kusa, shi ke buƙatar cikakken adadin. Wanda za a rataye a bango daga nesa ake kallonsa, fiksel 150 zuwa 200 a inci ya wadatar. Hoton Inna da na fara kaiwa 1280 da 960 ne kawai. Ka raba 1280 da inci 20, ka ga fiksel 64 ke nan a kowane inci, ta ina zai yi kyau? Na asalin 4000 da 3000 ne, bayan an datse gefe ya ba da kimanin 187, ya kuwa fito tas, har zaren dardumar ana gani.

Akwai manhajojin da ke cewa suna ƙara wa hoto fiksel da gyara fuska. A kan hoton gini ko fili ba laifi. A kan fuskar mutum ina jan kunne, musamman wanda ya riga mu gidan gaskiya, domin manhajar cike gurbi take yi da zato, sai ta ba ka idanu da haƙoran da ba nasa ba.

Siffar hoto da siffar kati

Nan ne aka fi yin kuka, kuma nan ne mutane ba su cika dubawa ba. Manyan kyamarori suna ɗaukar hoto a ma'aunin 3 da 2, wato tsawo kashi uku, faɗi kashi biyu, yawancin wayoyi kuwa 4 da 3. Katin ma kowanne da nasa: inci 4 da 6 ya dace da 3 da 2 daidai wa daida, amma 8 da 10 ya fi kusa da murabba'i. In ka kai hoton kyamara ka ce a yi maka 8 da 10, dole inci biyu su tafi daga tsawonsa, domin cikakkensa 8 da 12 ne. In hoton waya ne aka sa a kan 4 da 6, rabin inci zai tafi daga faɗinsa.

To wa zai zaɓi inda za a yanke? In ka yi shiru, kwamfutar gidan za ta yanke daga gefe biyu daidai, ba ruwanta da cewa can sama gwaggwaron amarya yake, ko rawanin hakimi, ko kuma kawunku ne a ƙarshen layi a hoton dangi. Na taɓa ganin album ɗin kamu da aka sare wa amarya rabin ɗaurin kanta a shafi uku a jere, ɗaurin da aka biya kuɗi aka ɓata awa ana yi. Ka datse hoton da kanka a gida bisa ma'aunin katin da kake so, kowace waya tana da wurin yin haka. In ba ka son a rasa komai, ka zaɓi kati mai siffar hoton, ko ka ce a shigar da shi gaba ɗaya a bar farin gefe.

Ka kuma bar sarari. Injin kan cinye milimita biyu ko uku a kowane gefe, firem ma zai rufe wani abu. Kada hula ko yatsun lalle ko rubutu su manne da bakin hoton.

Haske da launi

Fuskar waya fitila ce, haske take fitarwa, kati kuwa sai hasken ɗaki ya sauka a kansa. Shi ya sa hoto kan fito da duhu fiye da yadda ka gan shi. Kafin ka gyara komai, ka rage hasken wayar ko kwamfutar zuwa rabi, ka kashe tsarin kare ido da ke sa fuskar ta yi rawaya, sannan ka duba. In fuskoki sun nutse, ka ɗaga hasken wuraren da ke da inuwa kaɗan.

Mu nan muna da wata matsala tamu: baƙar fata cikin farar shadda. In ka haska don fuska ta fito, aikin wuyan babbar riga ya ƙone ya zama fari fat. In ka kare rigar, fuskar ta ɓace. Dabarar ita ce a ɗaga inuwa, a kuma sassauta wuraren da suka yi fari da yawa, kowanne daban, ba a ja hasken hoton duka lokaci ɗaya ba. Kuma don Allah a bar wa mutane launin da Allah Ya ba su. Fatar da aka goge da filta har ta koma kamar roba a waya ma ba ta da kyau, balle a kati.

Wajen adanawa ka zaɓi tsarin launi na sRGB, shi yawancin injinan wanki suka sani. Hoton da ke wani tsarin launin mai suna Adobe RGB in aka wanke ba tare da an juya shi ba, launinsa kan fito a koɗe, jan leshi ya koma kamar an sha wanki da shi. Duk wannan gyara a kan kwafi za ka yi, asalin ka bar shi yadda yake.

Haɗa fayilolin

Nau'in fayil na JPEG a mafi girman inganci ya isa. Masu iPhone su lura, wayar kan adana hoto a wani nau'in fayil mai suna HEIC, ba kowace kwamfuta ke buɗe shi ba, a juya shi zuwa JPEG tun a gida. Ka buɗe folda ga kowane girma, ka sa mata suna a fili, kamar "5x7 guda biyu-biyu". Ka zuba a filash da babu komai a ciki sai su. Kada ka miƙa wayarka a kantar shagon ka tafi salla, hotunan iyalinka ba na kallon kowa ba ne. Bayan an gama ka nemi a goge su daga kwamfutarsu a gabanka.

A gidan wankin

Ka tambayi irin injinsu. Wasu injinan Fujifilm Frontier da Noritsu suna haska hoton ne a kan kati mai jin haske, sannan ya bi ta cikin ruwan sinadarai, abin da ya sa har yau muke cewa wanki. Akwai kuma manyan firintocin Epson da Canon masu fesa tawada, in tawadar ta asali ce su ma suna daɗewa. Inda ake buga banar siyasa ba wurin hoton iyali ba ne, ko da sun ce za su iya.

Kati iri uku aka fi samu. Mai ƙyalli yana fito da launi rangaɗau, amma yana kama shatin yatsa, yana kuma walƙiya a bayan gilashi. Marar ƙyalli yana da natsuwa, ya dace da hoton baƙi da fari. Na tsakiya, mai ɗan gurzi-gurzi, shi nake zaɓa wa fuskoki da album.

Ka faɗa musu ko ka riga ka gyara launi, domin injinan suna da gyaran da suke yi da kansu wanda zai iya rushe aikinka. In ba ka gyara ba, ka ce mutum ya duba da ido. Kafin aiki mai yawa ko babban hoto, ka biya a wanke maka ƙarami ɗaya na gwaji, ka fita da shi bakin ƙofa ka duba a hasken rana, ba ƙarƙashin fitilar shago ba. In ya yi, a rubuta girma da adadi da irin kati da kuɗi da ranar karɓa a rasit.

Ranar karɓa ka ƙirga, ka duba ɗaya bayan ɗaya tun kana wurin, kana riƙewa ta gefe. Wanda za a sa a firem, ka ce a sa masa kwalin da zai raba shi da gilashi, in ba haka ba laimar damina za ta manne su, ranar da aka ɓanɓaro da fuskar za a taho. Ka rataye shi a bangon da rana ba ta dukansa. Fayil ɗin da ka shirya kuma ka ajiye shi wuri biyu. Namu na Inna yanzu yana filash a cikin akwatin takardun gida, kwafi ɗaya kuma yana wurin ƙanwata a Zariya.